Kahin ka rushe tsohon gem ɗinka ka sake gini

Ɗana na ga saƙonka tun bayan la'asar, caji ne ba ni da shi sai yanzu anka kawo wuta. Kana tambaya wai in an ce an sake gina tsohon gem na ban tsoro, irin wanda mutum ka neman tsira da ransa, ba hoto kawai ake gyarawa shi yi kyau a sake saidawa ba? Kuma kana son ka ɗauko ɗan gem ɗinka na waya da kay yi bara ka sake shi da sabon inji, wato manhajar da ake gina gem bisanta. To zamna ka ji, don wanga wuri nan ne mutane da yawa ka hwaɗuwa.

Ka san tsohhin gidajen ƙasa na cikin gari wajen Ƙanwuri, zahin Sakkwato na watan Afrilu shina cin mutum waje amma kana shiga zaure sai ka ji sanyi. Magina ba su da siminti ne sunka yi bango mai kauri, kaurin nan kuwa shi ka riƙe sanyi. In ka rushe ka sa bulo da kwano gida ya yi kyau ga ido, amma sanyin ya tahi, dole ka nemo hwanka ko silin ka biya abin da ka ɓatar. Aikin sake gina gem na tsoro haka yake sak.

Ɗauki Resident Evil na hwarko da kamfanin Capcom na Japan ya hitar a 1996, Shinji Mikami ya jagoranci aikin. PlayStation ta lokacin ba ta da ƙarhin zana ɗaki duka kana tahiya, sai sunka zana ɗakunan tun hwarko kamar hoto, kyamara ta tsaya wuri guda ba ta motsi. Shi ya sa kana jin nishin abu cikin lungu amma ba ka ganinai. Ƙohwar nan da ka buɗewa sannu sannu cikin duhu, lodin ne suke ɓoyewa, wato jiran na'ura ta ɗauko ɗakin gaba, amma kai mai fad a hannu gabanka hwaɗuwa yake don ba ka san mi za ka iske ba. Juyawa ma da wuya kamar kana tuƙa tankar yaƙi. Duk waɗanga rashin ƙarhin na'ura ne, amma su ne bangon mai kauri.

Da sunka zo sake Resident Evil 2, na asali 1998 ne sabon kuma Janairun 2019 bisa injinsu RE Engine, sai sunka ɗauke kyamarar sunka aza ta bayan kahwaɗar Leon da Claire, mutanen da kake bugawa da su. Yanzu kana ganin gabanka, kana saita bindiga yadda kake so, ƙohwa ba lodin. Kashi mai yawa na tsoron ya zube ke nan. Dubi yadda sunka biya bashin, nan nike son ka buɗe ido. Sun kashe wutar wurare da yawa na ofishin 'yan sandan sai ɗan tocila da ka haska gabanka kaɗai, sun sa gawarwakin nan masu tahiya suna tangaɗi kai na lilo yadda saiti ba shi zama, ka zuba ma ɗaya harsashi a kai shi hwaɗi kuma shi sake tashi, kuma tunda ba lodin to suna iya biyo ka ɗakin da kag gudu. Sannan ƙaton nan Mr. X, a na 1998 sai a zagaye na biyu yake hitowa, wurare ƙididdigaggu, amma a na 2019 yawo yake cikin ginin shina nemanka, harbi ba ya kashe shi, kana harbi ma ƙarar ta kira shi. Wallahi takun takalminai bisa bene kaɗai ya isa, ni da shekaruna sai da nit tsaya cikin ɗakin sebin na jima ban hita ba.

Akwai wata dabarar da ta hi burge ni ma, tana cikin sabon Resident Evil na hwarko da anka yi ma na'urar gem ta GameCube a 2002. Duk wanda ya buga na 1996 ya san barandar da karnuka ka hwasa taga su diro. A sabon kana bi karon hwarko tagar tsagewa kawai take yi, ba kare. Wato sun san mi kas sani, sai sunka yi amfani da shi kanka. Sun kuma ƙara cewa gawar da ka kashe in ba ka ƙone ta da kananzir ba ko ka hwasa kan, bayan wani lokaci za ta tashi da gudu da hwarce, kananzir ɗin kuma kaɗan ne. To kowane harbi sai ka yi lissahi, shin in kashe ko in kauce in wuce.

Hazon gem ɗin Silent Hill ma haka, a 1999 Konami sun sa shi ne don na'ura ba ta iya nuna nesa, kamar hazon hunturu da ka rufe muna hanyar Dundaye da sahe. Da anka hitar da HD Collection a 2012, wato Silent Hill 2 da 3 da anka gyara ma hoto, hazon ya ragu a wasu wurare, ƙarshen hili da ba a so a gani ya hito, masoya gem ɗin sunka yi ta ƙorahi. Bloober Team na Folan da sunka sake Silent Hill 2 a 2024 da Unreal Engine 5 sun bar hazon da kaurinai duk da na'urar yanzu ba ta buƙatarsa. Yanke wani sashe na tsohon gem ma shina da nashi illa, Resident Evil 3 na 2020 an cire hasumiyar agogo, mutane sunka ce ya yi gajarta.

To gem ɗinka. Kar ka buɗe injin gina gem, Unity ko Godot, tukuna. Ɗauki littahi da biro ka buga tsohon daga hwarko har ƙarshe, duk inda gabanka ya hwaɗi ka rubuta, ka kuma rubuta mi ya jawo, duhu ne ko ƙara ko harsashi ne ya ƙare. Na tuna lungun nan naka da kyamara ka maƙalewa jikin bango, kai kana ganin kuskure ne kana son gyarawa, amma nan ne yaran shago sunka hi yin ihu. In ka gyara sai ka hwaɗa min da mi za ka maye shi.

Bayan nan ka gina ɗakunan da akwatuna hwarare ba fenti ba ado, ka ƙirga harsashi da magani na kowane ɗaki ka rubuta a tebur, shi zam mai wasa kullum shina gab da rasawa amma bai rasa duka ba. Aljihu ma ka matse shi, a Resident Evil na hwarko in kana bugawa da Jill gurbin aje kaya 8 gare ta, Chris kuma 6, kuma sebin sai da ribon na tafireta, ba banza anka yi haka ba. In akwatunan nan ba su tsorata kowa ba, girafik ba zai cece ka ba. Ka ba wanda bai taɓa bugawa ba, ka tsaya bayanai ka yi shiru, kar ka nuna mai hanya ko da ya ɓace.

Kuma ka tuna masu bugawarka waya gare su, wasu ƙarƙashin bedi suke da rana tsaka, duhun da ka yi kyau a kwamfutarka baƙi ƙirin zai zama gare su, don haka ka jingina ga sauti sosai, taku da numhwashi da shirun da ka biyo bayansu, ka gwada da iyafis mai arha irin na kasuwa. Sunaye da hotunan gem ɗin wasu kuwa kar ka taɓa, wasu samari a Italiya sun hwara sake Resident Evil 2 da kansu, a 2015 dole sunka tsaya bayan Capcom ta yi musu magana, daga baya sunka yi nasu Daymare: 1998. Kai naka ne, ba mai hana ka.

Ran Asabar in Allah ya kai mu ka taho shago da littahin bayan azahar, mu bi ɗaki ɗaki, mu hwara da lungun kyamarar nan.