Yadda ake haɗa ɗan katun da mutum a fim ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarana sun kalli wani fim na barkwanci inda kyanwa da ɓera na katun ke guje-guje a otal tare da mutane na gaske. Babbansu, ɗan shekara 13, ya matsa min sai ya yi irinsa da wayata. Yaya ake yin wannan, kuma zai yiwu a waya? Daga wata uwa a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya su. Fim jerin hotuna ne, 24 a kowace daƙiƙa. Mutanen ake fara ɗauka, ɗan wasa yana magana da iska, wani lokaci a kafa masa ƙwallo a kan sanda don ya san inda zai kai ido. Daga baya masu zane su saka ɗan katun a gurbin. A fim ɗin Who Framed Roger Rabbit na 1988 da hannu aka zana 'yan katun ɗin, hoto bayan hoto. A Space Jam na 1996 kuwa, a ɗaki kore aka ɗauki ɗan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan, sannan kwamfuta ta cire koren aka sa duniyar katun. Ana zaɓen kore ne don ya yi nesa da launin fatar mutum.

Zai yiwu a waya, amma ya fara da daƙiƙa 5. Ya ɗauki ƙaninsa a bidiyo, ya shigar da shi manhajar FlipaClip, ya yi zane a kai. Zane 12 a daƙiƙa sun isa, kin ga 60 ke nan, aikin kwanaki. Idan dabarar kore yake so, CapCut da KineMaster suna yi. Yadi kore marar walƙiya daga Babbar Kasuwa ya wadatar, a goge shi, a rataye shi a bayan yaron da za a ɗauka, kuma kada yaron ya sa kore.

Abin da na fi so ya kula da shi shi ne inuwa. Ɗan katun da ba shi da inuwa a ƙarƙashin ƙafa kamar liƙa shi aka yi, ko ƙaramin yaro zai gane. Ya jingina wayar kada ta motsa, ya ɗauka da safe a inuwar zaure, don ranar Sakkwato tana ƙone hoto. Lokacin fitar da bidiyon wayar za ta yi zafi, a cire ta daga caji.

Ni dai ina roƙon ki bar shi ya gwada, kina kusa.

Tambaya: An tura min fim a shagon masu turi, hoto na tafiya amma babu sauti. Daga wani a Runjin Sambo.

Amsa: Malam, galibi manhajar kallon da ta zo da wayarka ce ba ta gane nau'in sautin ba. Sauke VLC daga Play Store, kyauta ce, ka buɗe fim ɗin da ita. In har ya ƙi, fayil ɗin ne ya lalace, a sake turo maka.