Tsufan titaniyom: amsa ga mai son zuwa karatun dashen haƙori

Ƙanina, ka ce ka gama karatun likitan haƙori a Kano, kana neman digiri na biyu a waje, kuma kana tunanin yin bincikenka a kan tsufan titaniyom, ƙarfen da ake yin dashen haƙori da shi, da zaizayar ƙashi a gefen dashe. Batun yana da kyau, amma ka san inda hujjarsa take da ƙarfi da inda take da rauni kafin ka rubuta wa kowane farfesa.

Tsufan da ake nufi ba na cikin baki ba ne. Tun dashen yana cikin kwalinsa yake faruwa. Titaniyom da aka gama gyara fuskarsa da asid yanzu-yanzu yana son ruwa: ka ɗiga masa ɗigo ɗaya, sai ya bazu ya kwanta shimfiɗe. Ka ajiye shi mako 4, ɗigon zai tsaya dunƙule kamar raɓa a kan ganyen gwaza. Dalili kuwa, haidirokabon na iska, wato sinadarai masu kabon, yana ta sauka a kan fuskar ƙarfen yana lulluɓe ta, sai furotin ɗin jini ya rage kamawa, ƙwayoyin da ke gina ƙashi su ma su yi nawar mannewa. Takahiro Ogawa da abokan aikinsa a jami'ar UCLA ta Amurka su suka fito da batun fili a 2009. A gwajinsu na ɓeraye, ƙashi ya rungumi kusan kashi 90 cikin 100 na sabon dashe, wanda ya yi mako 4 kuwa bai kai kashi 60 ba. To ka tuna dashen da ke kasuwa yakan yi watanni ko shekaru a rufe. Ranar ƙarewa da ke jikin kwalin tana magana ne a kan tsabta daga ƙwayoyin cuta, ba ta ce komai a kan wannan.

Magani iri biyu ne a hannu. Ko a haska dashen da hasken UV, irin hasken da ido ba ya gani, na kimanin minti 15 dab da sa shi, ya ƙone kabon ɗin, ko kuma kamfani ya hana shi haɗuwa da iska tun farko, kamar yadda kamfanin Straumann ke ajiye dashensa mai suna SLActive cikin ruwan gishiri.

Ga inda ɗalibai ke zamewa. Saurin kama ƙashi a makonnin farko daban, daɗewar dashe shekara 10 daban. Dashen da ba a haska ba ma, fiye da kashi 90 cikin 100 suna kaiwa shekara 10. Idan abu ya riga ya kai nan, gano ɗan bambanci yana buƙatar marasa lafiya da yawa da shekarun bibiya, digiri na biyu kuwa shekara 1 ne ko 2. Kada ka ɗora bincikenka a kan daɗewa. Ka auna abin da lokacinka zai ba ka: kusurwar ɗigon ruwa, yawan kabon a fuskar ƙarfe, ko ƙarfin zaman dashe da na'urar Osstell, musamman mako na 3 zuwa na 4, lokacin da riƙon farko ke sassautawa kafin sabon ƙashi ya karɓa. Can ne, da kuma a ƙashi mai laushi na bayan muƙamuƙin sama, nake ganin hasken zai fi nuna amfaninsa.

In kuwa zaizayar ƙashi ka nace, to ma'aunin nasarar dashe da masanin dashe Albrektsson ya fitar a 1986 shi ne mafari: bayan shekarar farko, kada zaizaya ta wuce milimita 0.2 a shekara. Wannan ɗan ƙanƙanin abu ne, karkatar fim ɗin eksire kaɗan ta isa ta haɗiye shi. Ka ɗauki hoton eksire da mariƙi ɗaya, a kusurwa ɗaya kowane zuwa, ka daidaita awo da sanannen tsawon dashen ko tazarar tsinin murɗin jikinsa irin na sukuru, sannan mai awon kada ya san wanne aka haska.

Sai abubuwan da ke cin ƙashi fiye da tsufan ƙarfe: shan taba, ciwon sukari da ba a riƙe ba, tsohon ciwon dasashi, ragowar simintin manna haƙori a ƙarƙashin dasashi, da zafin haƙa ramin dashe a ƙashi. Ƙashi ya kai digiri 47 na Selshiyos na minti 1, ya fara mutuwa, shi ya sa ba a wasa da ruwan sanyaya ko a yi aiki da dakusasshen bakin haƙa. In ba ka ware waɗannan ba, za ka ɗora wa titaniyom laifin sigari.

Batun tafiya kuma, ka tambayi makaranta tun kafin ka biya ko kwas ɗin na ɗakin gwaji ne ko na taɓa marasa lafiya. A Ingila, yin aiki da kanka yana buƙatar rajista da GDC, hukumar da ke yi wa likitocin haƙori rajista, kuma mai digirin Najeriya yakan bi ta jarrabawar ORE ta waɗanda suka yi karatu a waje. Binciken ɗakin gwaji ba ya buƙatar wannan, kuma rabin tambayoyin tsufan titaniyom a ɗakin gwajin ake amsa su.