Tambayi Anti Nas: Na yi gwajin ciki, layi na biyu ya fito bayan magariba

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Wata takwas ke nan da aurena. Al'adata takan ɗauki kwana 34 ko 35 kafin ta dawo. Wannan watan jinin ya zo mini ran 2 ga wata. Ran 29 na sayo tsinken gwaji a kemis na gwada da la'asar, layi ɗaya ya fito. Na ajiye shi a kan taga, bayan magariba na duba sai ga wani layi dishi-dishi. Ga nonona ya yi nauyi, ga uwar mijina kullum sai ta ce "akwai labari?" Ina da ciki ko babu? Daga ƙanwarki a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wannan tsinken bai gaya miki komai ba, jefar da shi. Kin yi gwajin da wuri ne, kuma kin karanta shi a makare.

Abin da tsinken yake nema a fitsari wani sinadari ne da ake kira hCG. Jiki ba ya fara fitar da shi ranar da aka sadu da miji, sai ƙwan da ya haɗu da maniyyi ya gangaro ya maƙale a bangon mahaifa, abin da kan ɗauki kwana 6 zuwa 12 bayan fitar ƙwai. Shi kuma ƙwai yakan fita ne wajen kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. To mu yi lissafinki. Mai kwana 35 irinki, ƙwanta na fita wajen kwana na 21, wato kusan 22 ga wata. Ran 29 kwana bakwai kacal ke nan, ko da cikin ya shiga, wataƙila bai ma gama zama ba, balle sinadarin ya taru har tsinke ya gan shi. Yawancin tsinkayen kemis sai sinadarin ya taru ya kai wani adadi suke nunawa, kuma a farkon ciki yana ninkawa ne duk kwana biyu zuwa uku.

Wannan maganar da ake ta faɗa cewa al'ada duk kwana 28 take dawowa ta wahalar da mata da yawa. Ranar gwajinki ita ce ranar da kike sa ran jini amma bai zo ba, a lissafinki wajen 6 ko 7 ga watan gobe. Kuma ki riƙa ƙirga daga ranar da jini ya fara zuba. A ɗakin awo idan na tambayi mace ranar al'adarta ta ƙarshe, sau da yawa ranar da ta yi wankan tsarki ta koma salla take ba ni, don ita ta fi zama mata a rai. Wannan kaɗai ya isa ya karkatar da lissafi da mako guda.

Shi kuwa layin bayan magariba, sawun fitsari ne da ya bushe. Ana karanta tsinke cikin mintunan da aka rubuta a takardarsa, galibi uku zuwa biyar, bayan minti goma kuma ba a kula abin da ya fito. Amma layin da ya fito cikin lokaci, in dai yana da launi, ko da dishi-dishi ne, ciki ne.

Ki yi da fitsarin farko na asuba, kafin ki sha ruwa ko koko. Ki tara shi a gwangwani mai tsabta, kada ki tsoma tsinken ya wuce alamar da aka ja. Duba ranar lalacewarsa a jikin leda, kuma kada ki karɓi wanda ya sha rana a kan tebur. In layin sama mai harafin C bai fito ba, tsinken ne ya mutu. In ya nuna babu kuma jini bai zo ba, ki sake bayan kwana uku zuwa mako. Wadda al'adarta ba ta da tsayayyar rana, ko mai shayarwa da jini bai dawo mata ba, ta bari sai kwana 21 bayan saduwa.

Nauyin nono kada ya ruɗe ki, gabatowar al'ada ma tana kawo shi. Gwajin gishiri da sukari da ake yaɗawa a WhatsApp kuwa, ɓarnar kayan miya ce.

Abu ɗaya ne ba na so ki jira a kansa. In layi biyu suka fito sannan kika ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko ɗigon jini da jiri, ki tafi asibiti a ranar, ko tsakar dare ne, don wani lokaci ciki kan zauna a waje, ba a cikin mahaifa ba. Tun yanzu ma ki fara shan ƙwayar folik asid, wani nau'in bitamin ne, maikrogiram 400 kullum. Hajiya kuma in ta sake tambaya, ki sunkuyar da kai ki ce ta sa ku a addu'a. Maigidan ya kamata ya tare miki wannan, ki gaya masa ni na ce.