Ga ƙanena a Jos da ke son zuwa Faransa nazarin yaƙin Dien Bien Phu

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce kana so ka zo nan Faransa ka yi digiri na biyu a tarihi, ka yi rubutu kan yadda "manoma marasa takalmi" suka kayar da Faransawa a Biyetnam. Batun ya yi, amma ka cire maganar marasa takalmin nan. Irin wannan rainin ne ya ci Faransawan.

A Nuwamban 1953 Janar Navarre, kwamandan sojojin Faransa, ya sa aka sauke sojojin laima a kwarin Dien Bien Phu, kusa da iyakar Laos. Nufinsa mayaƙan Viet Minh, masu neman 'yancin Biyetnam, su bar sari-ka-noƙe su fito a yi gaba da gaba, manyan bindigoginsa su gama da su. Kai da ka tashi a Jos, kwatanta mutum ya kafa sansani a gindin duwatsun Shere, ya bar wa abokin gaba saman. Ga abinci da harsashi duk sai ta jirgin sama.

Faransawa sun sakankance Janar Giap, kwamandan Viet Minh, ba zai iya hawo da igwa kan tsaunukan ba. Ai kuwa ya hawo da su, da igiya da ƙarfin ƙato, ya tona musu ramuka a jikin tsauni, dubban 'yan dako kuma suna turo shinkafa a kan kekuna. Ranar 13 ga Maris 1954 aka fara ɓarin wuta. Kanar Piroth, shugaban masu harba igwar Faransa, wanda ya cika baki cewa shi zai rufe bakin igwoyin Giap, ya kashe kansa cikin 'yan kwanaki. Kafin watan ya ƙare jirgi ya daina sauka, ranar 7 ga Mayu sansanin ya faɗi.

Sai dai wannan ɓangaren an rubuta shi har an gaji. Da ni ne kai, sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta kwasa zuwa yaƙin Indochina, wato wannan yaƙin na Biyetnam, zan bi. Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974, yana cikinsu.

Takardun sojan suna ma'ajiyar tarihin ma'aikatar tsaro a Vincennes, gefen Paris, kuma da Faransanci suke. Turancinka ba zai buɗe maka ko fayil ɗaya ba. Don haka fara da Alliance Française ta nan Jos, cibiyar koyar da Faransanci, ka dage har ka samu matakin B2 na ƙwarewa a harshen, sannan ka nufi Campus France a Abuja, ofishin da ke kula da masu neman karatu a Faransa. Ka gaida Mama.