Abin da ya haɗa mu da mashayar Turawa, mu da ba ma sha

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan kasuwa. Saƙonka ya iso. Ka ce mahaifiyarka ta ji ina ta maganar kamfanin giya na garin nan da yadda manyan kamfanoni ke haɗiye ƙanana, har ta ce me ya dami Baffanku da barasa, shi da ko warinta ba ya so? Ka kuma ƙara da taka tambayar: wai mu Hausawan Ingila muna shiga irin waɗannan gidaje ne? Tambaya ce mai kyau, kuma gara da ka yi ta a fili.

Haram dai haram ce, a Wolverhampton kamar yadda take a Kano. Tsallake teku bai sauya mana hukunci ba. Ba ma sha, ba ma sayarwa, kuma duk wanda ya buɗe kanti a cikinmu ya san irin cinikin da ke wuce shi don ya ƙi jera kwalba. Sai dai mashaya a ƙasar nan ita ce majalisar unguwa. Can iyali ke cin abincin ranar Lahadi, da kakanni da jikoki. Can ake kallon ƙwallo, can ƙungiyoyi ke taro a ɗakin sama, kuma idan maƙwabcinka Bature ya rasu, in an dawo daga maƙabarta can ake zaman gaisuwa.

A kan wannan na ƙarshe ne kawunanmu suka rabu. Wasunmu ba sa taka ko bakin ƙofar. Su yi ta'aziyya a gida, su kai wa iyalan mamaci abinci, shi ke nan. Ni ina cikin waɗannan, saboda hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagaya giya. Wasu kuma sukan shiga su gaisa a tsaye, su sha lemo, su fita kafin zama ya yi nisa. Ba na zaginsu, don na san haƙƙin maƙwabtaka ne ya kai su. 'Ya'yanmu masu aikin ofis su suka fi shan wahala, domin yammacin Juma'a abokan aiki can suke nufa, kuma sau da yawa a can ake ƙulla maganar da za ta shafi ƙarin girma. Da yawansu sun koyi cewa a'a ba tare da ɓata fuska ba, suna gayyatar abokan zuwa gidan cin abinci a maimakon haka. Mu kuwa da muka yi rayuwarmu a tuƙin tasi, daren Juma'a da na Asabar a ƙofar mashaya muke samun fasinja. Malaman da muka tambaya sun bambanta mana tsakanin mai da mutum gidansa lafiya da ɗaukar kwalaben zuwa inda za a sha. Na farko muna yi, na biyu muna gudu.

To yanzu ga zancen kamfanoni. A 1989 hukumar da ke binciken babakere a Birtaniya ta fitar da rahoto cewa kamfanoni shida, Bass, Allied, Courage, Grand Metropolitan, Whitbread da Scottish & Newcastle, su ke dafa kusan kashi uku cikin huɗu na giyar ƙasar, kuma su ne mamallaka dubban mashayu. Mai hayar mashaya a ɗaure yake: dole ya sayi kaya wurin mai gidan, a farashin da mai gidan ya yanka. Gwamnatin Margaret Thatcher ta yi doka cewa duk kamfanin da ke da mashaya sama da 2,000 sai ya saki rabin abin da ya haura. An gudu ba a tsira ba. Dokar ta kama masu dafa giya ne kawai, sai ga sababbin kamfanoni da ba sa dafa komai, irin su Punch Taverns da Enterprise Inns, suka ciwo bashi mai yawa suka kwashe gidajen, suka ci gaba da ɗaure masu haya yadda aka saba. Bashin nan kuwa daga aljihun mai haya ake biyansa, ta kuɗin haya da tsadar kaya.

Na ga abin da idona. Mutumin da ke riƙe da mashayar layinmu shi da matarsa, mutanen kirki ne, su suka taimaka wa iyalina ranar da ruwa ya fashe mana a gida cikin hunturu. Yana aiki daga safe har tsakar dare, amma ya ce mini ganga ɗaya da yake saye wurin kamfanin da ya ba shi haya, da an bar shi ya shiga kasuwa da ya samo ta da rangwame mai yawa. Ƙarshe ya miƙa mukulli, ya tafi da bashi a kansa. Sana'arsa ba tawa ba ce, ba kuma zan so ɗana ya yi ta ba. Amma zalunci aka yi masa, kuma addininmu bai ce mu yi shiru a kan zalunci don wanda aka yi wa ba namu ba ne.

Sai a 2016 aka kafa ƙa'ida ga kamfanonin da ke da mashayu ɗaurarru 500 ko fiye a Ingila da Wales, wadda ta ba mai haya damar neman ya biya haya zalla ya sayi kaya inda ya ga dama. Haɗewar dai ba ta tsaya ba. A 2017 Heineken ya sayi mashayu wajen 1,900 daga Punch. Hukumar kula da gasa ta yanzu, wadda ake kira CMA, ta nuna yankuna 33 da take tsoron gasa za ta ragu, kamfanin ya yarda ya sayar da wasu gidaje a can, aka sa hannu. A 2020 kamfanin mashayu na Stonegate ya sayi Ei Group, wato tsohon Enterprise Inns, ya zama mafi girma a ƙasar bayan ya amince ya saki gidaje 42. Ka lura da yadda hukumar ke aiki: tana duba unguwa-unguwa, ta ƙirga mashayu nawa ne na masu hamayya a kusa. Aiki ne mai kyau, amma a ganina ya yi kaɗan. Mutum ya haɗiye gidaje dubbai, a ce ya tofar da arba'in da biyu, ƙarfinsa a kan masu haya da ƙananan masu kawo kaya yana nan daram.

A garinmu abin ya zo har gida. Kamfanin Banks's ya fara dafa giya a Wolverhampton a 1875. A 2020 Marston's, mai shi, ya haɗa sashen dafa giyarsa da Carlsberg na Denmark, hukuma ta amince. A 2024 ya sayar wa Carlsberg sauran kasonsa, kuma cikin shekarar aka sanar za a rufe masana'antar. Ma'aikatan nan maƙwabtanmu ne, fasinjojinmu ne, matansu ke sayayya a kantunanmu. Carlsberg ɗin kuma ya sayi Britvic, mai yin Robinsons da J2O da Tango, wanda ke zuba Pepsi a kwalba a nan. Wato lemon da muke ajiyewa a taron suna da buɗa-baki yanzu daga hannun kamfanin giya yake fitowa. Wasu a cikinmu sun koma sayen na wasu, amma duk lokacin da aka yi wata haɗewa, waɗancan wasun raguwa suke yi.

Akwai kuma abin da ya fi ci mana rai. A shekarar 2000 mashayun Birtaniya sun haura dubu 60, yau wajen dubu 45 ne. Wasu daga cikin waɗanda aka rufe Musulmi sun saye su, sun zama masallatai, islamiyyu ko gidajen abinci na halal. Daga nan sai masu ƙin baƙi suka samu abin faɗa: wai mu ne muka kashe musu mashaya. Gaskiya ne unguwar da ta cika da marasa sha ciniki zai ragu. Amma an rufe dubbai a ƙauyukan da babu Musulmi ko ɗaya, saboda bashin kamfanoni, da haraji, da arhar giya a manyan kantuna, da hana shan taba a ciki tun 2007. Shi ya sa muke koya wa yaranmu wannan tarihi, don in an jefe su da zargi su amsa da hujja. Shi ya sa kuma dattawanmu suka tsaya a kan cewa ba ma neman gini sai ya daɗe a rufe an sa shi a kasuwa, kuma ba ma bikin murna a gaban mutanen da suka yi zaman makokin iyayensu a cikinsa.

Kada ka ɗauka zancen nan na Turai ne kawai, kai da kake sayar da hatsi a Dawanau. Heineken ɗin nan shi ke da rinjaye a Nigerian Breweries, mai Maltina da Amstel Malta, mai masana'anta a Kakuri ta Kaduna, wanda ya haɗe da Consolidated Breweries a 2014. Lokacin da kamfanin giya na AB InBev ya sayi takwaransa SABMiller a 2016, International Breweries mai Beta Malt da Grand Malt ya koma hannunsa. Guinness Nigeria kuwa, mai Malta Guinness, Diageo ya sayar da kasonsa ga Tolaram masu Indomie a 2024. Tun da aka hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 waɗannan kamfanoni suka koma kan dawar Arewa, kuma kai ka fi ni sanin yadda farashi ke motsi in dillalan manyan masana'antu sun shigo kasuwa ko sun janye. Hukuncin sayar musu, wannan ka kai wa malaminka. Abin da nake so ka gane shi ne, in manyan masu saye uku suka koma biyu, manomin Giwa da na Dambatta ne za a yanka wa farashi. Nijeriya ma tana da hukumar gasa, FCCPC, da dokar 2018 ta kafa, kuma sai da amincewarta manyan kamfanoni ke haɗewa. In kun zauna taron ƙungiyarku, ka tambayi shugabanni ko sun taɓa rubuta mata takarda a kan masu sayen dawa. Idan ba su taɓa ba, ka turo mini, zan taya ku tsara ta.

Baffanka.