Tambaya da Amsa: BSD nawa ne wai, kuma a ina ake samo manhajojinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne na ɗan jima ina amfani da Linux Mint ba wata matsala, to kwanan nan sai naji ana ta zancen wani abu wai shi BSD wai yafi Linux tsari, na shiga nema sai naga FreeBSD, OpenBSD, NetBSD, GhostBSD kai har da wani DragonFly, wallahi kaina ya ɗaure. Duk distiro ne na abu ɗaya kamar su Ubuntu da Mint? kuma wanne zan saka? Laftop ɗina ThinkPad ce tsohuwa, ram 8GB.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. A'a, ba irin Ubuntu da Mint ba ne, kuma nan ne mutane da yawa ke fara ruɗewa. A Linux kanel ɗaya ne, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, kowa ke ɗauka ya haɗa masa kaya ya sa masa suna, shi ake kira distiro. Su kuwa BSD kakansu ɗaya ne, wato Unix ɗin da aka raina a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, amma kowa ya ware ya gina gidansa da kanel ɗinsa da mutanensa. FreeBSD da NetBSD duk a 1993 suka fito, OpenBSD ya ɓalle daga NetBSD a 1995 ƙarƙashin Theo de Raadt, shi kuma DragonFly Matthew Dillon ne ya cire shi daga FreeBSD a 2003. Abin da wannan ke nufi a aikace shine manhajar da aka haɗa don FreeBSD ba zata tashi a OpenBSD ba, direban da ke aiki a wannan, wato 'yar manhajar da ke sa wani sashen kwamfuta kamar wayifai ya yi aiki, ba lallai yana wancan ba. GhostBSD ne kaɗai a jerinka za a iya kira distiro, don shi FreeBSD ne aka saka masa allon aiki mai gumaka mai suna MATE da hanyar girkawa ta danna-danna.

Toh wanne zaka saka, ni ba daga suna nake farawa ba, daga katin wayifai ɗinka nake farawa. Da gaske. Tunda kana kan Mint yanzu buɗe tamina, wato baƙin allon da ake rubuta umarni, ka rubuta lspci ka rubuta sunan katin wayifai da na hoto a takarda. In Intel ne duka, wanda shine aka fi samu a ThinkPad, ka ci sa'a. In Broadcom ne wayifai ɗin to ka shirya wahala ko ka nemi ɗan ƙaramin wayifai na USB da aka san yana aiki. In katin hoto NVIDIA ne ka cire OpenBSD daga lissafi, FreeBSD ne kamfanin ke yi wa direba. Sannan OpenBSD bashi da Bluetooth kwata-kwata, sun cire shi tun 2014 basu mayar ba, in kai mai sa abin kunne mara waya ne ka san da wannan tun yanzu.

Bayan haka sai ka tambayi kanka me kake so. In so kake ka koyi yadda abin ke aiki daga tushe, FreeBSD zalla ka saka ka buɗe Handbook ɗinsu kana bi, littafin jagora ne mai kyau ƙwarai kuma da yawan tambayoyin da zaka yi an riga an amsa su a ciki, sai dai ka sani in ka gama girkawa baƙin allo zaka tarar yana jiranka, kai zaka saka direban hoto drm-kmod da allon aiki da komai da hannunka. In kuma so kake ka kunna kawai kaga gumaka kamar na Mint, GhostBSD. Akwai kuma NomadBSD wanda a kan filash yake zama yana ajiye abin da ka canza, shi nake fara ba mutum shawara ya gwada saboda ba ya taɓa hadis ɗinka, wato hard disk, ka kunna ka gani ko wayifai ya kama, ko sauti na fita, ko in ka rufe murfin laftop ka buɗe tana farkawa. Gani ya kori ji.

OpenBSD a kan ThinkPad yana tafiya da kyau fiye da yadda mutane ke zato don da yawa cikin masu rubuta shi irin laftop ɗin suke riƙewa, kuma su ne suka ba duniya OpenSSH, manhajar shiga kwamfuta daga nesa cikin tsaro, da kusan kowace sabar ke amfani da shi. Amma mutane ne masu tsauri, tsaro suka sa a gaba, abin da basu yarda da shi ba cirewa suke ko da kana so, kuma duk wata shida sabuwar fitowa ce, biyu na ƙarshe kawai ake yi wa gyara. NetBSD da DragonFly ka barsu tukuna, ba don basu da kyau ba, sai don in ka maƙale masu taimaka maka basu da yawa.

Wani abu da nake so ka kula da shi a ƙananan distiro, ka duba ko yana da rai. PC-BSD ya fara a 2005 ya zama TrueOS a 2016, mutane suka zuba masa ido a matsayin BSD na kowa da kowa, a 2020 aka rufe shi. FuryBSD ma a 2020 ɗin ya tsaya bayan ɗan gajeren lokaci. Irin waɗannan sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da su a lokacin hutunsu, ranar da suka gaji shikenan. Don haka kafin ka sauke ka duba yaushe suka fitar da na ƙarshe, ka leƙa ko ana amsa tambayoyin mutane. In shekara biyu shiru, wuce abinka. Kuma dan Allah kar ka goge Mint ɗin nan da ke maka aiki lafiya ana tsakiyar karatu.

TAMBAYA: Salam Malam. Yayana ne ya saka min GhostBSD a kwamfuta wai ba ya kama bairos, yanzu ya yi tafiya ya barni da ita. Ina aikin buga takardu da ɗan zane-zane, ina buƙatar Word da CorelDraw da WhatsApp da Zoom, na shiga shafin Zoom ɗin naga na Windows da Mac da Linux banga nawa ba, na sauke na Linux ɗin yaƙi buɗewa. Netflix ma yaƙi yi. A ina ake samun manhajojin wannan abu ne?

AMSA: Wa'alaikis salam 'yar'uwa. Na farko ki daina yawo shafi-shafi kina sauke fayil, a nan ba haka ake yi ba. Fayil mai ƙarewa da .exe na Windows ne, mai .deb ko .rpm na Linux ne, babu wanda zai buɗe miki da danna sau biyu. Manhajoji a rumbu guda suke, a GhostBSD ki nemi Software Station a cikin jerin manhajoji ki rubuta sunan abin da kike so ki danna, ko a tamina ki rubuta pkg search da sunan, in ya fito sai sudo pkg install da sunan. Rumbun ba ƙarami ba ne, daga tarin ports na FreeBSD, wato umarnin haɗa manhajoji daga tushen rubutunsu, ake haɗa shi kuma akwai manhajoji sama da 30,000 a ciki. Shafin FreshPorts ma yana nuna abin da ke akwai, ana iya dubawa ko daga waya.

Yanzu bari mu bi naki ɗaya bayan ɗaya amma ba zan ɓoye miki ba wasu babu. Word babu, LibreOffice ne madadinsa kuma yana buɗe fayil ɗin docx yana ajiyewa, sai dai takarda mai tebur da yawa da ado tana iya ɗan gocewa musamman in babu irin haruffan da aka rubuta ta da su, saboda haka in zaki mayar wa mai aiki ki fitar masa da PDF ma. CorelDraw babu, Inkscape ne ke irin aikinsa, GIMP kuma na gyaran hoto, duka suna rumbu. Amma in masu kawo miki aiki fayil ɗin cdr suke kawowa kuma cdr suke so a mayar musu, gaskiya zaki sha wuya, Inkscape yana iya buɗe wasu amma ba ya ajiyewa a wannan tsarin. WhatsApp ki buɗe WhatsApp Web a Firefox ko Chromium. Zoom ma ta burauza ake shiga, in an turo miki mahaɗin taro ki nemi inda aka ce a shiga ta burauza, ki gwada makirufo da kyamara kafin ranar taron don kyamara a FreeBSD sai an kunna wani abu wai shi webcamd.

Netflix kuwa abin dariya ne, sabobin da kamfanin ke turo bidiyo da su a duniya FreeBSD ne a kansu, amma mai FreeBSD a gida ba zai kalla kai tsaye ba, saboda bidiyon a kulle yake da Widevine na Google kuma Google basu yi shi don BSD ba. Masu naci suna bi ta wata kafa da FreeBSD ke da ita ta tafiyar da manhajojin Linux, su saka burauzar Linux a ciki, yana yi amma aiki ne na mai haƙuri kuma sabuntawa ɗaya na iya ɓata shi. Ki kalla a waya kawai.

Akwai Wine da ke tafiyar da wasu manhajojin Windows, tsofaffi sun fi yarda, akwai kuma VirtualBox da zaki iya saka Windows sukutum a ciki in ram ɗinki ya kai. Sai dai ni a ganina in har abincinki a CorelDraw yake, to tsarin ne bai dace da aikinki ba, ba ke kika kasa ba. Yayanki ya fara da zaɓen tsari sannan aka zo neman manhaja, alhali jerin manhajojin ya kamata a fara rubutawa a duba ko akwai su kafin a taɓa kwamfutar. In ya dawo ya raba miki hadis ɗin biyu ko ya mayar miki da abin da kika saba, babu abin kunya a ciki. Maganar bairos kuma eh masu rubuta shi basu cika damuwa da BSD ba don masu amfani da shi kaɗan ne, amma saƙon damfara da ke neman lambar sirrinki ba ruwansa da wane tsari kike kai.

TAMBAYA: Malam ina da wata ƙaramar laftop ta da can, ram 2GB, 32-bit ce, tana nan a ajiye. Wani yace in saka mata Haiku. Shima BSD ne? wane distiro nasa yafi?

AMSA: Ba BSD ba ne ba kuma Linux ba ne, zuriyarsa daban. A shekarun 1990 akwai wani tsari BeOS na kamfanin Be, da kamfanin ya durƙushe Palm ta sayi kayansa a 2001 sai masoyansa suka fara sake rubuta shi da sunan OpenBeOS, a 2004 suka koma Haiku. Zancen distiro bai taso ba, Haiku ɗaya ne, zaɓinka kawai 32-bit ko 64-bit, taka kuwa ta riga ta zaɓar maka. GhostBSD ba zai ma tashi a kanta ba don na 64-bit ne kawai.

Kuma shawarar ba laifi, Haiku ba shi da nauyi ko kaɗan, 2GB ya ishe shi har da saura, yana tashi cikin daƙiƙoƙi. Manhajoji a HaikuDepot suke ko pkgman a tamina, rumbun bai kai ko kusa da na FreeBSD ba amma akwai abin rubutu da na sauraron sauti da na kallon hoto, ka leƙa rumbun a intanet ka tabbatar abin da kake so akwai na 32-bit don wasu sabbin na 64-bit kawai ake haɗawa. Direbobin wayifai ɗinsa da yawa daga FreeBSD da OpenBSD aka aro su. Inda zaka ji jiki shine burauza, tasu WebPositive tana buɗe shafuka masu sauƙi amma manyan shafukan zamani suna wahalar da ita. Har yanzu kuma gwaji ake kiransa, beta na farko 2018, na biyar Satumban 2024, sannan na mutum ɗaya ne, ba ya tambayar lambar sirri in an kunna, duk wanda ya ɗauki laftop ɗin ya shiga. Na wasa da koyo ne da rubuce-rubuce, kar ka ajiye sirrinka a ciki. In amfanin yau da kullum kake so da tsohuwar to antiX na Linux zai fi yi maka.

TAMBAYA: Malam na karanta cewa ƙwararru ta ports suke saka manhaja a FreeBSD, na shiga na chromium na buga make install clean tun jiya da yamma har yanzu rubutu ne ke gudu fanka na ta ihu. Na ɓata wani abu ne?

AMSA: Baka ɓata komai ba ƙanena, haɗa Chromium kake yi daga tushen rubutunsa kuma yana cikin mafi nauyi a rumbun gaba ɗaya, a laftop yana iya cin yini har fiye. Danna Ctrl da C ka tsayar da shi, ka buga make clean, sannan pkg install chromium, abu ɗaya ne wasu injina suka riga suka haɗa maka. Ports na wanda ke son canza wani zaɓi ne da babu a haɗaɗɗen, kuma masu yin haka da gaske wata manhajar haɗawa wai ita poudriere suke amfani da ita. Kar ka riƙa cakuɗa biyun barkatai, don pkg a kan reshen quarterly yake zuwa wanda ake sabuntawa duk wata uku, ports ɗin da ka sauke kuma wataƙila na latest ne, sai sigogi su saɓa abu ya ƙi tashi. In ka nemi chromium ɗin a pkg baka ganshi ba kar ka tsorata, wani lokaci haɗawar ce ke faɗuwa a wajensu sai ya ɓace na 'yan kwanaki ya dawo, ka saka firefox kafin nan.