Rubutun shafina ya yi dishi-dishi a Windows, ina gyaran?

Tambaya: Malam, na buɗe shafin labarai na Hausa. A MacBook ɗin abokina rubutun ya fito tas, amma a kwamfutata mai Windows sai na ga gefen haruffa da wani launi-launi. An ce in saka -webkit-font-smoothing: antialiased, na saka, ko gezau. Ga kuma ƙ da ɗ sun fita daban da sauran haruffa.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan layin da ka saka a kan Mac kaɗai yake aiki. Chrome ɗin Windows ba ya kula shi ko kaɗan. Haka ma takwaransa na Firefox, -moz-osx-font-smoothing, sunan ma ya nuna na wa ne, don OS X tsohon sunan manhajar Mac ne.

Launin nan kuwa ba matsala ba ce, ClearType ne na Microsoft. Matso da ido kusa da allon: kowane ɗigo sanda uku ne a jere, ja da kore da shuɗi. ClearType yana kunna su ɗaya-ɗaya don lanƙwasar harafi ta yi santsi, shi ne ja-ja da shuɗi-shuɗin da kake gani a gefen "a" da "o". Apple ya kashe wannan salo tun macOS Mojave a 2018, domin allonsu ya cika da ɗigo har ba a bukatarsa. Wato abokinka allo ya fi ka, ba lambar shafi ba. In abin ya dame ka, rubuta ClearType a wurin bincike na Start, ka bi matakan ka zaɓi wanda ya kwanta maka. Amma fa kwamfutarka kaɗai ka gyara, ba ta masu karatu ba.

Zancen ƙ da ɗ shi ne na gaske, kuma a hannunka yake. Salon rubutun da ka zaɓa ba shi da haruffanmu masu ƙugiya, sai burauza ta aro su daga wani salon. Shi ya sa "ƙasa" ke fitowa da ƙ mai kauri a gaba, sauran sirara, kamar an yi wa riga faci. Koma Noto Sans ko Andika, duka suna da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. In kai ke ɗora fayil ɗin salon rubutun da kanka, ka tabbata ba a datse latin-ext, wato rukunin ƙarin haruffan boko, ba wajen rage masa nauyi, nan suke zaune.

Ni dai ina guje wa salo mai sirantaka sosai, irin mai lambar kaurin harafi 300 zuwa ƙasa. A tsohon allo wanke shi ake yi. Bar shi a 400, ka gwada da kalmar "ɓangare" a wayar Android mai araha kafin ka saki shafin.